Mai Juya Gado

"Umma, wai da gaske ne duk gadon da kika juya sai mai shi ya mutu?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Hassana ya faɗa cikin kunu. Ta dubi Umaima, 'yarta mai shekara shida, fuska duk busassun hawaye. Yau ma an koro ta daga gidan maƙwabta ke nan, wai kada ta shafa wa yaransu maita... Maita! Haba jama'a! Yarinyar da ko ɗaura ɗankwali ba ta iya ba?

Hassana nas ce a wani asibiti kusa da Kawo, a ɗakin matan da likita ya gama nasa a kansu, sai jiran ikon Allah. Idan ta ga numfashi ya canza, ƙafafu sun yi sanyi, sai ta ja labule, ta juya gadon ya fuskanci alƙibla, ta jiƙa auduga tana goga wa mara lafiyar a leɓe, tana maimaita kalmar shahada a hankali. Idan Kirista ce, ta kira abokiyar aikinta Mercy su riƙe mata hannu. Laifinta ke nan! Yalwa, yayar mijinta, ta je dubiya sau biyu ta ga an juya gado an fito da gawa, shi ke nan ta ɗauki zancen ta zaga Unguwar Sarki da shi gida gida.

Aka daina cin abincinta a gidan suna. Masu jinya suka riƙa tare gadon 'yan'uwansu da jikinsu in ta shigo. Har mijinta Labaran ya fara cewa, "Ko dai ki ajiye aikin nan mu huta?"

"In ajiye, wa zai zauna da su? Kowa gudu yake yi, Abban Umaima! Ni marainiya ce, uwata ita kaɗai ta cika, bango take kallo..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Ana cikin haka ciwon Inna, uwar Labaran da Yalwa, ya tsananta, aka kwantar da ita a wannan ɗakin. Yalwa ta kafa kujera a bakin gado. "Wallahi kika taɓa gadon uwata sai na tara miki jama'a, mayya kawai!" Kwana huɗu Hassana tana kallo daga nesa, leɓen tsohuwa ya tsattsage, zani ya ɓaci ba a canza ba, ita kuwa Yalwa sai toshe hanci da mayafi.

Ran na biyar da hantsi, Yalwa ta ce wari ya ishe ta, ta fita shan iska. Inna ta ɗaga yatsa da ƙyar.

"Hassana... 'yar nan... juya ni."

"Inna, Yaya Yalwa ta hana..."

"Ni na haife ta. Juya ni in kalli gabas."

Hassana ta juya gadon, ta gyara ta tsaf, ta jiƙa mata leɓe. Inna ta kamo hannun Labaran, a gaban dangi ta ce, "Ba ita ke kiran mutuwa ba, rakiya take yi. Ku nemi gafararta. Allah Ya yi miki albarka, Hassana... Ina Yalwa?"

Aka bazama nemanta. Tana can bakin ƙofar asibiti wajen mai awara, tana ba da labarin mayya. Kafin ta iso, Inna ta cika da shahada a bakinta.

Yalwa ta zube tana birgima. "Ta yafe mini? Don Allah me ta ce a kaina?" Hassana ce ta ɗago ta daga ƙasa. A zaman makoki kuwa, matan unguwa har layi suke yi wajen ba Hassana haƙuri, Umaima na tsakar gida tana wasa cikin yara.

Ke mai karatu, kafin ki ɗauki zance ki kai gidan wani, ki kuma hana ɗanki wasa da ɗan wata, ki tuna akwai ranar da ba za ki iya juya kanki ba. Ki kiyayi bakinki a kan hannun da zai juya ki!