Ƙofar da Torfi Ya Toshe

Da la'asar sakaliya Torfi ya saɓa shebur ya fita tono burodinsa. A wannan gefen na Iceland ba sai da murhu ake gashi ba. A zuba ƙullu a tukunya, a binne inda ƙasa take da zafi, washegari a tono. Kowa a bakin tafki yake binne nasa. Shi kuwa gogan, da yake ƙafarsa ba ta son nisa, ya samo wani wuri a gindin baƙin dutsen bayan coci, inda bara ƙanƙara ke kwana, bana kuma yake turiri.

Matarsa Hrefna ta hana shi, ta ce dutsen gidan mutanen ɓoye ne, ko masu shimfiɗa kwalta kewaye shi suka yi. Ƙaninta Sölvi, mai aikin auna motsin ƙasa, ya ce shi ba ruwansa da aljanu, amma garin nan zaune yake a kan mahaɗar manyan faya-fayen ƙasa biyu, ɗaya na ja gabas ɗaya yamma, kuma in wuri mai sanyi ya soma zafi, narkakken dutse ne ke tasowa ta tsakaninsu. Ga shi sati uku ke nan kofuna na rawa a kan kantar kicin. Torfi ya ce madalla, da aljanun da wutar duk su taya shi gashi, zai gutsura musu.

Ya isa wurin duhu na sauka. Iskar tafki ta tsaya cak. Tsuntsayen da suka saba damun mutane da kuka, ko ɗaya babu. Sai warin ruɓaɓɓen ƙwai, fiye da na jiya.

Ya soka shebur sau biyu, ya ji ya taɓa murfin tukunya. Daga can nesa wani gurnani ya taso, kamar babbar mota a kan gada. Kafin ya ɗaga kai, ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsa.

Da hankalinsa ya dawo, ya ga ƙasa ta tsage ta haɗiye shi har hammata. Hannayensa na waje a kan ƙasa, ƙafafunsa na lilo ba su taɓa komai ba. Dutse a ƙirji, dutse a baya. Wayarsa tana aljihun wando. Ya ƙwala kiran Hrefna, muryar ko shingen coci ba ta kai ba.

Ƙasa ta sake motsawa kaɗan. Tsagar ta ƙara matsewa. Ya ji wani abu ya ce ƙas a haƙarƙarinsa.

"Torfi ɗan Ketill." Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, daga wajen ƙafafunsa. "Ka toshe mana ƙofa."

Ya so ya ce Sölvi ne ke ramuwar ruɓaɓɓen kifin da ya ɓoye masa a mota. Amma ko kyanwa ba za ta shiga ramin nan ba.

"Ku yi haƙuri," ya ce cikin raɗa. "Ba da gangan ba ne."

Muryar ta ce ba lokacin haƙuri ba ne. Wuta ta cinye ɗakunansu na ƙasa, kuma suna da 'ya'ya. Ta ce kada ya motsa, ya rufe ido.

Hannu mai sanyi ya kama idon sawunsa. Sannan gwiwa. Sannan ɗamara. Wani abu ya ratsa ta bayansa, inda ko takarda ba za ta wuce ba, ya taka kafaɗarsa ya sauka.

Wani ya biyo. Suna warin jiƙaƙƙen ulu da madara. Ɗaya na riƙe da jariri mai shessheƙa.

Ya ƙirga goma sha ɗaya.

Tafin ƙafarsa ya soma zafi. Warin roba mai ƙonewa ya taso.

Ta ƙarshen ta hawo a hankali, da nauyi, tana haki irin na tsofaffi. Ta zauna a wuyansa.

"Fitar da numfashinka duka."

"Kaka, in na fitar zan zurma."

"Ɗan nan, ko ka fitar, ko dutse ya fitar maka."

Ya fitar.

Ƙasa ta girgiza. Tsagar ta saki, ya fara sulalewa, sai hannaye da yawa suka cafki wuyan rigarsa suka wurga shi kan ƙanƙara. A bayansa dutse ya haɗu da dutse kamar haƙora.

Da rarrafe ya isa gida, ba takalmi.

Likita ya ɗaure haƙarƙari biyu, amma ya rasa dalilin da Torfi ke tafiya a sunkuye tun daga ranar. Shi dai ya sani. Ya ji saukar goma sha ɗaya, bai ji saukar ta sha biyu ba. Yanzu kafin kowace girgiza, wasu yatsu masu sanyi kan matse masa wuya. In Hrefna ta ga ya dafe ƙeya, ba ta tambayar komai, sai ta kama hannunsa su fita tsakiyar titi.