Tankin Tsohuwar Kuranga

Hantsi ya ɗaga aka buga wa Sufeto Menzel waya daga gonar gidan Zerner da ke bayan garin Tanunda, aka ce an tsinci tsoho Ewald a mace cikin tankin giya.

Bai yi mamaki ba. Lokacin girbin inabi ne, kuma a kwarin Barossa ko yaro ya san iskar da ke tashi daga inabin da ke tsimuwa. Ba ta da wari, ba a ganinta. Mutum ya sunkuya ya shaƙa, sai gwiwa ta saki, ya auka ciki.

Abin da ya ɓata masa rai shi ne zai wuni cikin masu giya. A cikinsu aka haife shi, ubansa maƙerin ganga ne, shi ya sa ya san su sarai. Mutum zai cusa hanci a kofi ya lumshe ido kamar mai addu'a, amma maƙwabcinsa zai gama jinya bai leƙa shi ba.

"Yallaɓai, ko za a samu ɗan abin jiƙa maƙoshi a can?" in ji Saje Doyle, yana tuƙi.

"Akwai wanda aka jiƙa gawa a ciki. In kana so in sa a ɗebo maka."

Rumfar da ake yin giyar doguwa ce, tankunan siminti marasa murfi a jere. An kwantar da gawar a ƙasa an rufe da buhu. Lyall, ɗan marigayin, yana tsaye a gefe, dogo, ya haura arba'in, hannayensa sun rine har gwiwar hannu.

"A ina ka same shi?"

"A wancan na farko, na bakin ƙofa. Na kai Inna gari sayen burodi, muna dawowa na gan shi a ciki."

Sufeto ya leƙa tankin yana riƙe numfashi. Ruwan ja ne mai haske, kamar zoɓon da aka tsinka. Ya dawo ya ɗaga buhun. Ya san Ewald da farin gashi fat, amma yanzu gashin da farar shimin da ke jikinsa sun koma kusan baƙi.

"Me ke cikin na farkon?"

Lyall ya taɓe baki. "Tarkace ne. Inabin sabuwar gona, wanda ake ɗura wa ruwa har ya kumbura. Na masu shan giyar kwali mai araha."

"Na ƙarshen fa?"

Nan take fuskarsa ta canja. "Wannan inabin shiraz ne na tsohuwar kuranga. Kakan kakana ya dasa ta, tun ranar ba a taɓa ba ta ruwa ba sai na sama. Saiwarta ta nutse ƙasa fiye da rijiya. Kowane gindi nonon inabi kaɗan yake bayarwa, 'ya'yan ƙanana, ɓawo mai kauri. In ya kwana a ganga ya nuna, za ka ji ƙamshin baƙin barkono da busasshen ɗan itace, ya cika baki, ya daɗe bai bar harshe ba. Yallaɓai, ba a yin irinsa sau biyu."

"Uba ma ba a yin sa sau biyu," in ji Sufeto. "Amma ban ji ka yabe shi ba."

Ya bar Lyall a nan ya nufi cikin gida.

Ya sami Inna Hilda, matar marigayin, a kicin, ta dafa shayi ta yanka kek kamar baƙin Lahadi ne suka zo daga coci.

"Inna, sannu da haƙuri."

"Sannu ɗan nan. Kai ne na gidan Menzel mai ganga ko? Ka ƙi sana'ar ubanka ka zaɓi kamun mutane. Zauna ka ci."

"Na ƙoshi. Wa ya kai ki gari yau?"

"Lyall mana. Tare muka je, tare muka dawo."

Ta faɗa da sauri, kamar abin da aka haddace. Sufeto ya kalli taga. Can gefen tudu, inda tsoffin kurangar suke a karkace kamar tsofaffi masu ciwon baya, wata katafila ce a tsaye, bakinta na fuskantarsu.

"Waccan fa, me ta zo yi?"

"Ni ina na sani? Harkar maza ce."

"Shekara nawa kina gidan nan, Inna, a kawo katafila ƙofar ɗakinki ba ki sani ba?"

Ta ɗauki butar shayi ta juya masa baya.

Mai katafilar, wani gajere mai suna Rex, yana zaune a inuwar tayarta yana cin burodi da nama.

"Hanya na zo gyarawa, Yallaɓai."

"Wace hanya? Nuna mini. Ni dai kuranga nake gani."

Rex ya haɗiye lomarsa da ƙyar. "To, gaskiya ɗaya ce. Tsoho ne ya kira ni. Ka san bana gwamnati na biyan manoma su tuge tsohon inabi, tunda ba mai sayensa. Ya ce jiya aka gama tsinka, yau in shafe wurin. Ya ce ya gaji da bauta wa itacen da ba ya ciyar da shi."

"Ɗansa ya sani?"

"Yau da safe ya sani, da ya ganni. Ya zo ya tsaya gaban katafila yana zagina har da kakata, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Daga nan ya wuce rumfa wajen ubansa. Na jiyo hayaniya, can kuma na ji tsit."

"Sai ka yi me?"

"Sai na zauna. Faɗan uba da ɗa, wa ya aike ni?"

"Ka ga motar gidan ta fita?"

"Na gani. Tsohuwa ce ke tuƙi, ita kaɗai."

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Mutum ya ji ihu ya ji shiru, ya buɗe ƙunshin abincinsa. Bai ma ga amfanin gaya masa ba.

Da ya koma rumfa ya tarar da likitan 'yan sanda a durƙushe kan gawar. Saje ya fitar da Lyall waje.

"Nutsewa ya yi," in ji likita. "Akwai shatin yatsu a bayan wuyansa, amma mai gardama zai ce wajen ciro shi ne. Haƙoransa na roba na sama ba sa bakinsa. Ga kuma abin da na zaro daga wuyan shiminsa."

Ya buɗe tafin hannu. 'Ya'yan inabi ne ƙanana, baƙaƙe, har da ɗan karan da suke maƙale a jiki.

Sufeto ya ɗauki sandar da ake danna ɓawo da ita, ya motsa tankin farko. Ɓawo manya, ba kara ko ɗaya, inji ya tsince shi tun wajen matsa. Ya bi sauran, duk haka. Sai a na ƙarshe ya ɗago nonon inabi sukutum da karansa, ruwan na ɗiga baƙi wuluk. Ya dubi ƙasa. An wanke simintin tas, amma daga tankin ƙarshe zuwa na farko kawai.

 Ya taɓa ganin mai kisa ya ɓoye gawa don tsoron igiyar rataya, ya ga wanda ya ɓoye don kunya. Wanda ya ɗauke gawa don kada ta ɓata abin sha, yau ya fara gani.

"Saje, shigo da shi."

Lyall ya shigo yana goge hannu a wando.

"Ka ce a tankin farko ka same shi."

"Haka ne."

"Rex ya ce Inna ita kaɗai ta fita."

"Rex mashayi ne, bai san hagunsa da damansa ba."

"Kai da ke yin giya kake zagin mashayi? To, bar wannan. Haƙoran tsoho sun ɓata, kuma doka ta ce sai an haɗa gawa da kayanta. Saje, buɗe famfon tankin can na ƙarshe, a tsiyaye shi a kwata, mu duba ƙasansa."

Lyall ya sha gaban Saje. "Me ya haɗa shi da wannan? Ku zubar da na farko, ku zubar da duka sauran, ban hana ba!"

"Na ƙarshe na ce."

"Yallaɓai, ka san abin da kake cewa kuwa? Bana ba a yi ruwa ba, 'ya'yan sun fito ƙanana kamar barkono, tun da nake ban taɓa ganin irin wannan shekara ba. Yanzu ya fara tsimuwa. Ka zubar da shi, ka zubar da abin da ba zai dawo ba!"

"Saje, me kake jira?"

Saje ya durƙusa ya kama famfon.

"Tsaya!" Lyall ya cusa hannu a aljihu, ya ciro wani abu a naɗe cikin hankici, ya miƙa. "Ga su nan. Ga haƙoran. Na tsamo su tun ɗazu. Ba sai kun taɓa shi ba."

 Sufeto ya karɓi hankicin ya warware. Haƙoran sun rine baƙi.

"Daga wane tanki ka tsamo su?"

Lyall ya dubi hankicin, ya dubi Sufeto, sannan ya gane abin da ya yi. Ya zauna a kan wata ganga.

"Na roƙe shi," ya ce a hankali. "Na ce Baba, ka ba ni shekara ɗaya, in sa wannan a kwalba mutane su ɗanɗana. Ya yi dariya, ya ce itacen wuta ne. Yana sunkuye yana danna ɓawo, iskar ta buge shi, na ga ƙafarsa ta saki. Na kama wuyansa. Da niyyar ciro shi na kama, wallahi. Sai na jiyo ƙarar katafila a waje."

"Sai ka danna."

"Ya riga ya tsufa, Yallaɓai. Shekarunsa nawa suka rage? Ita kuwa kurangar za ta iya wasu ɗari."

"Sannan ka ja ubanka a ƙasa kamar buhu ka jefa shi cikin tarkace."

"Na san in an same shi a nan za ku zubar. Bai daɗe a ciki ba. Giyar ba abin da ya same ta, ka ɗanɗana ka ji."

 Da Lyall ya ce don gado ya yi, ko don tsohuwar gaba, da Sufeto ya san inda zai ajiye shi a ransa. Amma mutumin ƙauna ce ta sa shi, ƙauna ta gaske, ya rasa wanda zai ba ita sai itace.

"Saje, sa masa ankwa. Inna kuma a bar ta ta binne mijinta tukuna, ƙaryarta ba za ta gudu ba."

Lyall ya miƙa hannaye ba gardama. Har sun kai ƙofa ya waiwayo.

"Na faɗi gaskiya, na ba ku haƙoran. Yanzu ai ba ku da dalilin zubarwa ko?"

"Na yi maka alkawari ne?"

Sufeto ya durƙusa da kansa ya murɗa famfon. Baƙin ruwan ya ɓalle, ya bi kwata ya nufi waje, ƙamshinsa ya cika rumfar. Lyall ya kurma ihu, ya zube a gwiwa yana kuka kamar yaro, sai da Saje da likita suka ɗaga shi cak suka kai mota.