Kabarin Ambrose Tilley

Lavinia ta tsaya riƙe da kwandon furanni, tana kallon mutumin da za ta aura ranar Asabar durƙushe yana cire ciyawa daga kan kabarinsa.

Sunansa ne ɓaro-ɓaro a jikin dutsen. Ambrose Tilley, ya faɗi a fagen daga, 1864.

Duk garin an san zancen. An kawo akwatin gawa a liƙe ta jirgin ƙasa, aka binne, aka sha kuka. Bayan shekara sai ga Ambrose ya sauko a tasha da ƙafarsa, a rame, daga sansanin fursunonin yaƙi. Ya zama lauya, yanzu har yana majalisar dokokin jihar Ohio, amma ya hana kowa taɓa dutsen nan.

Yau ranar gyaran kaburburan sojoji ce, maƙabarta cike da jama'a da rana tsaka, sai dai ko tsuntsu ba ya sauka a wannan kusurwar.

"Dube shi!" in ji mahaifiyarta, Odessa, tana jan hannun rigarta. "Mutum da kabarinsa, ki kai min jika gidansa? Ni fa jikina bai ba ni ba."

"Haba Mama, a bar zancen nan..."

"A bar shi?" Prudence ce ta sako baki, 'yar limamin coci, wadda ta shekara uku tana aika wa Ambrose burodi ba ta samu ko kallo ba. "Amarya, ba ki taɓa tambayar angon naki wa ke kwance a ciki ba? Yayana yana rundunarsu. Ya ce da safen ranar yaƙin mijinki Wendell aka gani sanye da kwat ɗin Ambrose."

Kwandon ya suɓuce daga hannun Lavinia.

Shekara bakwai ke nan da ɓatan Wendell. Ba gawa, ba wasiƙa. Ambrose ne da kansa ya shigar mata da takarda a kotu aka tabbatar da ita gwauruwa.

Ta taka har inda yake.

"Ambrose."

"Na'am, rabin raina?" Ya ɗago yana murmushi, yana ganin fuskarta murmushin ya mutu.

"Wa ke cikin ramin nan?"

Ya mai da idonsa kan ciyawar.

"Na ce wa ke ciki!"

Ya share ƙasar hannunsa a hankali.

"Kafin mu shiga faɗan, kowa ya rubuta sunansa a takarda ya maƙala a bayan kwat, saboda in ya mutu a san inda za a aika shi. Zazzaɓi na kaɗa Wendell, haƙoransa har haɗuwa suke. Na cire kwat ɗina na yafa masa... na manta da takardar."

"Ka sani ke nan."

"Tun ranar da na ga dutsen."

"Shekara shida!" in ji ta. "Shekara shida ina tsayawa a tasha duk Laraba! 'Yata Hattie tana bi ta nan kullum in za ta makaranta, tana tsallake ƙafafun ubanta ba ta sani ba!"

"Da farko tsoro na ji, kada ki ce ni na yafa masa mutuwata. Daga baya kuma... na fara sonki, Lavinia. Sai bakina ya ƙara nauyi." Ya kalli dutsen. "Duk jawabin da na miƙe zan yi a majalisa, sai in ji sanyi a gadon bayana, daidai inda takardar take."

Iska ta taso ba gaira ba dalili, ta kwantar da ciyawar kabarin ita kaɗai.

Lavinia ta goge hawayenta da bayan hannu. Ba macen tsayawa dogon kuka ba ce.

"Tashi. Ga mutanen da suka zaɓe ka nan duka. Faɗa musu."

"Zan iya rasa kujerata."

"Ka rasa. 'Yata za ta san inda ubanta yake."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya cire hularsa, ya juya, ya ɗaga muryar nan da yake cika ɗakin shari'a da ita, ya zayyana komai. Har ɓoyewar da ya yi a kotu bai rage ba. Odessa ta zauna daɓas a kan benci.

Da ya gama, ya juyo wajen Lavinia.

"Shi ke nan na rasa ki?" ya tambaya can ƙasa.

"Babu aure ranar Asabar," ta ce. "A kankare sunanka a sa nasa. Zan sa baƙin kayan da ban taɓa samun damar sa masa ba, shekara guda cur. In ka iya jira..."

"Zan jira."

"To, matsa min."

Ya ja baya. Ta yafito 'yarta daga cikin mata, yarinyar ta zo tana ɗari-ɗari. Lavinia ta durƙusa, ta kama ɗan hannun ta ɗora a kan ƙasar mai sanyi.

"Hattie, gaida babanki."