Furannin Baba a Bangon Littafi

"Wai kai Yuguda, mota za ta jira ka ne?" in ji Jamilatu daga bakin rumfa. "Hutu ya ƙare, malam!"

Budurwarsa ce, ta zo su koma makaranta tare. Yuguda na tsugune a rumfar mahaifinsa a unguwar Shamaki, gaban bangwayen littattafan zane da zai miƙa a jami'a a Zariya, aikin shekarar ƙarshe. Umarnin malaminsu Bature ne: haruffa zalla, baƙi a kan fari, ban da ado. Duk hutun nan ya ƙare shi yana auna tazarar harafi da harafi, kamar wani zai mutu in ya kuskure.

Ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi... wa ya yi maka haka?"

Kowane bango ya sha furanni ja da kore, irin na bayan babbar mota. Sai dai furannin sun hau kan haruffa, wasu ma a tabarma suka ƙare.

Baba Ɗantala ya fito yana laluben ƙyaure. Tun kafin 'yancin kai yake yi wa motocin Gombe rubutu. Yanzu da kuɗin mai suka mai da kowane karen mota mai mota, aiki ya zo, ido ya tafi.

"Na ga ka bar su tsirara," ya ce yana murmushi. "Kar a ce ɗan Ɗantala bai iya gama aiki ba. Sun yi kyau?"

Yana tambaya yana kallon inda babu kowa.

"Sun yi kyau, Baba."

Tsohon ya koma ciki da fara'arsa.

Jamilatu ta rage murya. "Ka sake wasu a can. Zan taya ka, masoyina... Tashi mana!"

"Ga motoci can suna jiransa, Jamila. Shi zai yi musu? Su Iya me za su ci?"

"Ni kuma fa? Ka ce in mun gama karatu..."

"Na faɗa."

"Zango ɗaya ya rage maka, Yuguda! Ɗaya!"

Direban Zariya ya danna hon. Ta tsaya tana jira ya ɗago. Jami'a ta koya masa tarihin haruffa tun daga Rumawa, amma abin da ake cewa a nan ba ya cikin manhaja.

Ta sunkuya ta ɗauki bango ɗaya. Fentin bai bushe ba, ya ɓata mata mayafi. Ta fita tana kuka.

"Yuguda!" Baba ya kira daga ciki. "Ba ka tafi ba?"

"An ƙara mana hutu, Baba."