Angon da Aka Kira Ungozoma

Zulaiha na tsakar gida tana tsintar wake a faifai, Inna na gyara wuta a murhu, sai ga yayanta Nasiru ya shigo daga Malbaza, ko ƙurar siminti bai kakkaɓe daga rigarsa ba. Sallama ma a ciki ya yi ta.

"Ke, da gaske ne abin da nake ji? Wai saurayinki Muttaƙa ya ci jarrabawar konkur, za ya Yamai karatun likitan mata?"

"Da gaske ne, Yaya. Shekara huɗu zai yi. Ai na ɗauka barka za ka yi mini."

"Barka? Yau a kamfani ban iya ɗaga kai ba. Kowa na gani sai ya ce, Nasiru, ina surukinku ungozoma?"

Malam Yari, mahaifinsu, yana zaure yana jin komai. Mutum ne mai shagon hatsi a kasuwar Konni, wanda ya fi tsoron bakin mutane a kan asarar dukiya. Shi da kansa ya karɓi kayan baikon Muttaƙa watanni kaɗan da suka wuce, yana alfahari ɗiyarsa malamar lakwal, wato makarantar boko, za ta auri likita. Ran Juma'a ya aika a kira shi.

Muttaƙa ya zo daga ƙaramin asibitin da yake aiki a karkarar Illela, ya durƙusa a gefen tabarma. Zulaiha ta laɓe bayan ƙofa.

"Ɗana, karatu ba laifi ba ne," in ji Malam Yari. "Ga ido, ga ƙashi, ga ciwon yara. Duk ka tsallake, sai duba matan mutane? Ka sake reshe, in ɗaura maka aure kafin azumi."

"Baba, ka gafarce ni. A inda nake, in aka kawo mace naƙuda ta gagara, ko jini ya ɓalle, iyakata in sa mata ƙarin ruwa in tura ta birni cikin mota. Wasu su kai, wasu a juyo da gawarsu daga hanya. Aikin da za a yi musu hannuna bai iya ba. Shi nake so in koyo."

"Mata su koya."

"Suna koyo, Baba, amma ba su kai yawan masu naƙuda ba."

"To ka zaɓa. Ko wanga karatu, ko ɗiyata."

Muttaƙa ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ina son Zulaiha, Allah ya sani. Amma in na ce maka na fasa, ƙarya na yi maka."

Washegari aka mayar da kayan baiko. Zulaiha ta sha kukanta a ɗaki har ta gode wa Allah, sannan ta wanke fuska, ta yafa mayafi, ta sami mahaifinta.

"Baba, ba zan gudu ba, ba zan yi abin da zai zubar maka da mutunci ba. Ka ce kada ya zo, ba zai zo ba. Amma ina roƙonka kada ka wahalar da kowa, don ba zan saurari wani ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Gara ka ji daga bakina, Baba, da ka ji a gari."

Haka aka shiga zaman doya da manja. Masu so suka yi ta sallama, har da wani babban ɗan kasuwa mai motocin siminti da Nasiru ya kawo. Takan fita ta gaishe su da ladabi, ta ce an riga su, ta koma ciki. Ƙawayenta suka yi aure, wasu har da goyo. A gidan biki ana ganinta sai a fara zunɗe: ga mai jiran ungozoma. Ita kuwa sai ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Ranar da naƙuda ta murɗa, za ku san sunansa na gaskiya."

Labarin Muttaƙa ta bakin ƙanwarsa take ji. Ya rame, kusan a asibiti yake kwana. Ya fara da riƙe wa manyan likitoci kayan aiki, har ya kai ana miƙa masa wuƙa ya ciro jariri da kansa, babban malaminsu na tsaye a kansa. Yanzu kuma an tura shi inda ake ɗinke masu yoyon fitsari. Saƙonsa kullum ɗaya ne: in ta gaji, ya yafe mata. Amsarta ita ma ɗaya ce: ya kula da karatunsa.

A shekara ta uku haƙurin Malam Yari ya ƙare. Da hutun lakwal ya zo, ya sa Zulaiha a mota zuwa Dogarawa, wurin yayarsa Gwaggo Rashida, wadda ta goya shi tun yana jinjiri. Saƙonsa shi ne yarinya ta ƙi aure, a yi mata faɗa.

Gwaggo ta bari sai da suka fita roron wake, sannan ta ce, "Ɗiyar nan, mi ya hana ki aure? Aljani gare ki?"

Zulaiha ta kwashe komai ta faɗa mata. Tsohuwa ta ajiye ƙwarya.

"Wannan ne laifin yaron? Ni ce mini aka yi ba shi da kunya. Ɗauko mini mayafina."

Da suka iso Konni, a zaure suka tarar da Malam Yari da abokansa biyu, ga kuma Nasiru. Gwaggo ba ta jira su tashi ba.

"Yari, ka san Innarmu wajen haihuwarka ta rasu. Ka taɓa tambayar yadda aka yi?"

"Yaya, kwana ne ya ƙare."

"Kwana ya ƙare, gaskiya ne. Amma ni ina ɗakin. Ta kwana ta wuni a durƙushe. Ka fito, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, jini kamar an yanka sa. Akwai lokotoro, likita namiji, a Konni lokacin, har an ɗaura wa jaki amalanke za a kai ta. Dattawan gida suka ce namiji ba zai ga matarsu ba, mi mutane za su ce? To mutanen sun zo, Yari. Sun yi gaisuwa, sun sha fura, sun tafi. Ni aka bari da kai a baya, ko nono ban fara ba. Shekara sittin ban faɗa maka ba don kada ka ƙi kakanninka. Yau ka zama su."

Abokan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Malam Yari ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Nasiru ya rasa inda zai sa idonsa.

Ba a ranar Malam Yari ya sauko ba. Sai da ya yi mako bai je shago ba, ya je ya zauna da limamin unguwa, ya dawo. Sannan ya kira Zulaiha.

"Kin fi ni gaskiya, kuma ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Ki aika masa ya turo magabatansa."

Ta durƙusa ta yi godiya cikin hawaye.

An ɗaura aure bayan girbi, ta bi Muttaƙa Yamai ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe. Da ya gama aka yi masa tayin zama a birni, Zulaiha ce ta fara cewa a'a. Suka dawo gida, inda mata masu naƙuda ke kwana kan hanyar asibiti.

Jama'a, tsoron bakin mutane ya binne mata da yawa, kuma mutanen ba sa tono kowa. Wanda ya tsaya kan gaskiya, ya haɗa da ladabi da haƙuri, ko iyaye sun juya masa baya, Allah zai juyo masa da su.