Muryar Bencin Baya

Ranar Asabar da yamma liƙis ina sharar coci ni kaɗai, ina rera waƙar da muka saba yi da marigayiya yayata. Sai wata murya ta kama mini daga bencin baya. Muryarta ce sak.

"Auta, zo kusa da ni."

Na ci gaba da waƙar, ban waiga ba. Can na lura, duk inda muka zo sunan Yesu sai ta yi tsit. Yaya kuwa, lokacin da take raye, a nan ne take ɗaga murya har a harare ta.

"Tsallake wurin nan mana," in ji muryar, dab da ƙeyata.

Na gyara riƙon tsintsiya, na maimaita sunan a hankali.