Malam Majigi da 'Yar Tafinta

Ranar da ta fara ganinsa, a kan tebur ta same shi tsaye, babu takalmi a ƙafarsa, yana sa hankici yana goge idon majigin da ke rataye a silin. Sabuwar malamar lissafi ce, an turo ta ɗakin majigi ta nemi malamin labarin ƙasa ya nuna mata yadda ake haɗa kwamfuta da na'urar. Ta ɗauka mai gyaran wuta ne. Ta yi sallama, ta tambaye shi ko ya ga malamin.

Ya sauko a hankali, ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Leɓensa ya yi rawa, ya runtse ido, sannan da ƙyar ya ce, "N-ni ne."

In'ina gare shi, mai nauyi kuwa. Ita kuma Auta, haka ake kiranta a gida kuma haka sunan ya biyo ta makaranta, a gidan surutu ta tashi. Babanta tsohon tafintan kotu ne, a gidansu in ka tsaya haɗiyar yawu wani ya wafce maka zancen. Don haka jiran kalmar nan ya yi mata tsawo, ta rasa inda za ta sa idonta, ta ƙare da kallon yatsun ƙafarsa.

Ya jona mata wayar, bango ya yi haske, silaid ɗinta na farko ya bayyana, wato shafin darasin da ta ɓata kwanaki tana shiryawa. Rubutu ne cunkus tun daga sama har ƙasa. Ya kalla, ya yi murmushi. Sai bayan an tashi saƙonsa ya shigo wayarta, ashe ya samo lambar a rukunin malamai na waya.

"Malama, kin kwashe littafin kaf kin manna a bango. Na baya ba za su iya karantawa ba, na gaba kuma barci za su yi. Ki leƙo ajina gobe in ba damuwa."

Auta ta ja tsaki. Ji mutum, a baki kalma biyu, a waya kuwa har da gyara wa mutane aiki. Amma washegari ta je, wai don ta ga abin da yake taƙama da shi.

Malam Majigi, haka ɗalibai suka laƙaba masa, ya sa aka saki labule. Ya danna rimot, hoto ɗaya ya cika bangon: kogi ya ci gefen wata gona, bishiya ta karkata, jijiyoyinta duk a waje. Kalma ɗaya ce kawai a ƙasa, zaizaya. Ya nuna hoton, ya koma gefe ya harɗe hannu. Sai ga yara suna rige-rigen faɗin abin da suka gani, har da waɗanda a ajinta ko tari ba sa yi. Doka ɗaya ce a ajin, ba a ƙarasa wa kowa magana. In ɗalibi ya maƙale malam zai jira shi, in malam ya maƙale ajin zai jira shi, babu mai dariya, babu mai duba agogo. Auta na zaune a baya, ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta wanda ba ruwansa da zaizayar ƙasa.

Daga nan suka fara zama bayan an tashi suna rage wa silaid ɗinta kaya. Ya koya mata ta ƙara girman rubutu, ta bar lissafi ɗaya a shafi, matakan su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya idan ta danna, don yara su yi hasashen na gaba kafin su gani. Ya hana ta sa haruffan nan masu tsalle da juyi, ya ce hankalin yaro suke ɗaukewa. Ya ce ta daina juya wa aji baya tana karanta bango. Kowane layi ya goge sai ta yi ƙorafi kamar gashinta yake yankewa. Amma ranar da wata ɗaliba ta faɗi amsa tun kafin ta danna, da sauri ta zo ba shi labari, ko jakarta ba ta tsaya ɗauka ba.

So dai bai yi musu sallama ba, sun waiga ne kawai suka gan shi zaune a tsakaninsu. Wani dare ya turo mata saƙo, suka shiga mayar wa juna.

"'Yar lissafi, kin isa gida lafiya? Kin manta filashinki mai ɗauke da darussanki a jikin kwamfutata. Ba zan ba kowa ba sai kin zo da kanki."

"Majigina, da gangan na bari. Ashe kai ma wani abin sai an haska maka a bango."

"To na gani. Ina son ki. Gobe zan faɗa miki da baki, ki taho da haƙuri."

Ya kuwa faɗa, a ɗakin majigin, yana riƙe da rimot a hannu kamar zai karya shi. Ya daɗe kafin ya kai ƙarshe. Auta ta san abin da zai ce, kalmomin na kan harshenta suna yi mata ƙaiƙayi, amma ta daure ta jira, kuma daɗin da ta ji ya fi na saƙon nesa ba kusa ba.

Matsalar tana gida. Baba yana da nasa gwanin, wani lauya ɗan abokinsa, mutumin da in ya zo gaisuwa sai shayi ya huce bai kai aya ba. Su zauna su yi ta zuba, Baba yana jin daɗi. Da Mama ta kai masa zancen malamin, ya saurara har ta zo kan in'inar, nan ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi ba ya raina halittar Allah, amma ya yi shekaru a kotu yana ganin yadda ake danne mai gaskiya don kawai bakinsa bai yi sauri ba. Gobe in ciwo ya kai ta asibiti, ko rigima ta taso da maƙwabta, wa zai tsaya ya yi magana a kanta? Bango zai nema ya haska? Shi ba zai ba da autarsa ga wanda kowa zai iya cusa wa magana a baki ba.

Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda zai ga yaron sau ɗaya. In bai gamsu ba, an rufe zancen.

Tsoro ya kama Auta, sai ta yi abin da ta fi iyawa yanzu. Ta zauna ta haɗa silaid tsaf, da takardun karatunsa, da hoton ajinsa, da sakamakon ɗalibansa, har da hoton gidan da ya kama haya. Rubutu manya, hoto ɗaya a shafi, duk yadda ya koya mata. Ta kai masa tana murna, ta ce dannawa kawai zai yi, in Baba ya jefo tambaya ita za ta amsa daga bakin ƙofa. Ya bi shafukan har ƙarshe, ya zare filashin ya miƙa mata, ya kashe majigin ya fita.

Kwanaki suka wuce babu saƙo. Ta ɗauka ya karaya ne, ya bar wa lauya fili. Haushi ya sa ta riƙa amsa kiran lauyan a ɗakin malamai da murya sama, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, shi kuma yana can kusurwa yana duba takardun yara bai ko ɗago ba. In ta koma gida ta rufe ɗaki ta yi kukanta. Ana nan sai ga saƙonsa.

"Haskena, ban fasa ba. Ciwo na ji. Ban taɓa sa hoto a bango don in ɓuya a bayansa ba, don yara su samu abin faɗa nake sawa. Kowa na iya ɗauka ba zan iya magana ba, amma ban da ke. Zan zo wurin Baba da bakina. Alfarma ɗaya nake nema, kome ya faru kada ki taimake ni."

Ta karanta, kunya ta rufe ta har ƙafa. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sannan ta tura.

"Na tuba, Majigina. Tsoron rasa ka ne ya ruɗa ni. Zan kama bakina, ka zo."

Da yamma ya zo, babu jaka babu kwamfuta. Ya zauna a ƙasa gaban kujerar Baba, Auta da Mama suna tsaye a bayan ƙofar falo. Gaisuwar kaɗai ta ɗauki lokaci. Baba ya gyara gilashinsa ya ce yana jinsa.

"Baba, na zo n-ne in... in..."

Nan ya tsaya cak. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsatso masa a goshi, fanka tana ta juyawa a sama ita kaɗai ake ji. Baba ya dube shi, tausayi ya kama shi, ga kuma sabo da aikin tafinta na shekaru.

"In ba da haƙuri," ya ƙarasa masa a hankali. "Na gane, yaro. Ba komai, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ƙofa ce Baba ya buɗe masa da wannan kalmar, don ya fita da mutuncinsa. Gyaɗa kai kawai zai yi wahalar ta ƙare.

"A'a, B-baba. Ba ita ba ce."

Baba ya sake gwadawa, ko lokaci yake so a ba shi? Malam ya girgiza kai. Baba ya jawo takarda da biro daga kan tebur ya tura masa, ya ce in da wuya ya rubuta. Malam ya sa hannu biyu ya mayar da su inda suke.

"Ka yi h-haƙuri, Baba. Ka j-jira ni."

Tun da aka gina falon nan babu wanda ya taɓa ce wa Baba haka. Mama ta damƙe hannun Auta. Ita kuwa Auta maganar na bakinta, ta san ta harafi da harafi, ta cije yatsa har ya yi shata. Baba ya jingina da kujera, ya jira.

Maganar ta zo, guntu-guntu, amma ta zo.

"Na zo ne in n-nemi auren Auta. B-bakina yana da jinkiri, amma ba ya karɓar maganar w-wani. Abin da ya kamata in faɗa a kanta, ko za a w-wuni ana jira, sai na faɗa."

Baba ya cire gilashin ya goge da bakin riga. Ya ce a aikinsa ya ga manyan mutane, masu baki kamar reza, in tsoro ya kama su a gaban alƙali kowace kalma aka miƙa musu cafewa suke, ko ba tasu ba ce, don dai a sallame su. Abin da ya ji wa 'yarsa tsoro ke nan. Yau ga shi ya miƙa, ya sake miƙawa, an dawo masa da kayansa cikin ladabi.

"Tashi ka zauna a kujera," ya ce. "Ka turo min manyanka."

A bayan ƙofa Auta ta sulale ƙasa tana kuka tana dariya, Mama na cewa ta yi a hankali kada su ji, alhali ita ma hawayen take.

Lauya ya karɓi ƙaddara hannu biyu, sai dai jawabin janyewarsa ma sai da shayi ya huce.

Ranar biki gidan ya cika da 'yan uwa da malamai. Da lokacin tafiyar amarya ya yi aka kawo su gaban Baba ya yi musu nasiha. Yayyenta suka gyara zama, don sun san in Baba ya fara sai wanda ya gaji ya jingina. Ya kama hannun Auta, ya dubi angon.

"Ga Auta nan," ya ce. "Tun tana..."

Muryarsa ta sarƙe. Ya sake buɗe baki, babu abin da ya fito. Babbar yayarta ta yunƙura za ta ƙarasa masa, angon ya ɗan ɗaga mata hannu, ta koma ta zauna. Falon ya yi tsit, kowa na jira. Auta ta sunkuyar da kai, hawayenta na ɗiga a bayan hannun mahaifinta.

Can Baba ya ɗora hannunta a kan na mijinta.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku haƙuri da juna."

Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kowa ya amsa da amin.